Ranar da Aƙilu Ya Sa Takalmin Baba

Yau kada wanda ya rubuto mini "ki yi haƙuri". Na ƙoshi da haƙuri, ya kawo mini iya wuya. Kwana tara ke nan ana ɗura mini shi safe da yamma a gidanmu, kuma ko mutum guda bai tsaya ya tambayi abin da ya kamata a tambaya ba. Ku dai ku gyara zama ku ji, in na gama sai ku gaya mini ko ni ce mahaukaciyar.

Waɗanda yau sunka fara bibiyata, sunana Nazifa, shekarata ashirin da uku, ɗinki nake yi a wani shago bayan kasuwar albasa. Mai nemana shi ne Aƙilu, ɗan Gaya da ke ƙetaren kogi, mai aikin kuran, wato wutar lantarki. Kullum da safe sai ya ƙetaro gadar kan iyaka da jakar kayan aikinsa ɗaure a bayan moto, ya yi wa mutanen garinmu Malanville wayoyin gidajensu, da yamma ya koma. Shekara biyu muna tare, ƙafarsa ba ta taɓa wuce zauren gidanmu ba. In ya hangi Baba daga nesa, sai ya sauka daga moto ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ku riƙe wannan da kyau, don yanzu shi ake kira marar kunya.

A tsakar gidanmu, ƙarƙashin rumfar kwano kusa da randunan ruwa, akwai wani babban firigo na kwance. Da shi Inna ke yin ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, da lemun citta, mata masu talla su zo su sara. Firigon nan yana cizo. Haka muke faɗa a gidan, har da dariya. In ka kama marfin da jiƙaƙƙen hannu sai ka ji zirr har gwiwar hannu. Inna ta naɗe mariƙin da tsumma, ta ajiye wani guntun katako a gabansa tana takawa. Baƙuwa in ta zo sai mu ce ta buɗe ta ɗauki ruwa, mu laɓe muna jiran ta yi tsalle. Wallahi yanzu in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in mari kaina.

Babana, Malam Issufu, manomin shinkafa ne, kuma mutum ne da bai yarda akwai aikin da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Shi ke kwance injin ban ruwansa ya mayar, shi ke gyaran rediyo da fitila da keken ɗinkina. Tun bara kan wayar firigon ya fashe. Maimakon ya sayi sabo, sai ya feƙe wayoyin biyu da reza, ya tura su tsirara cikin ramin soket na bango, ya danne da tsinken ashana. Sannan akwai ɗan akwatin nan da ke gefen konter mai ƙirga wuta, dizonktar, wanda ke faɗuwa ya yanke wutar gida in wani abu ya ɓaci. Namu a rana sai ya faɗi sau uku, ƙanƙarar Inna ta narke. Baba ya gaji, ya buɗe shi, ya ɗaure cikinsa da guntuwar waya. Daga ranar bai sake faɗuwa ba, Baba yana ta gaya wa abokan hirarsa yadda ya yi maganin abin.

Ga nawa laifin, ba zan ɓoye muku ba. Shekara biyu ina zance da mai aikin kuran a ƙofar gida, ban taɓa buɗe baki na gaya masa ba. Kunya nake ji. Wace ɗiya ce za ta kai ƙarar aikin ubanta wurin saurayi?

Ran Asabar waccan ne Aƙilu ya rako kawunsa, Malam Kadiri, da wasu dattawa biyu, don a yi gaisuwa a tsayar da magana. Tun asuba ake sheƙa ruwa, bai ɗauke ba sai hantsi, tsakar gida duk ta kwanta da ruwa. Ni ina ɗaki na sha sabuwar atamfata mai ruwan goro da na yi kwana huɗu ina ɗinkawa, ƙunshi ya kama ja wur, ina leƙe ta labule. Na hango shi lokacin da sunka shiga zaure: farar shadda mai aiki a wuya, hula zanna, da takalmin fata mai santsin ƙasa wanda na san aro ya yi, don shi ban taɓa ganinsa da wani abu ba sai takalmin aiki. Sunka tuɓe a bakin ƙofa, sunka zauna kan tabarma, shi ya rakuɓe can lungu kansa a ƙasa.

Gwaggo Azumi, yayar Baba, ita ce ta zo daga Guéné ta karɓe ragamar gidan kamar kullum. Ita ta shiga yi wa Inna tsawa, wai baƙi sun zauna ko ruwan sanyi ba a kai musu ba, so ake a ce gidan Issufu ba a san baƙo ba? Inna ta taso daga wurin wanke kofuna, hannu sharkaf, ƙafa ba takalmi, tana sauri. Ruwan sama ya riga ya jiƙa tsumman, ya kuma ja katakon can bakin magudana.

Ta kama mariƙin.

Ba ta yi ihu ba, jama'a. Abin da har yau ke hana ni cin abinci ke nan. Na ga bayanta ya sandare, wuyanta ya karkace, ɗankwalinta ya zame, tana wani irin gurnani ƙasa-ƙasa, hannunta ya damƙe ƙarfen ya ƙi saki. Ni na yi ihun. Ban san da wace murya ba.

Gwaggo ta yi kanta da hannu biyu za ta rungumo ta. Ni ma na zabura. Sai na ji muryar Aƙilu ta cika gidan, muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba: "Kada wanda ya taɓa ta!"

Ya faɗo tsakar gida da gudu, babbar riga a kafaɗa. Ya bangaje Gwaggo ta zauna daɓas cikin ruwa. Ya kai hannu ya danna dizonktar, firigon bai daina ƙugi ba. Ya sake dannawa, a banza. Sai ya waiga, ya fizgi taɓaryar da ke jingine cikin madafa inda ruwa bai taɓa ba, ya ɗaga ta, ya sauke a kan hannun Inna. Ta faɗi gefe. Ya sa bakin taɓaryar ya fizge wayar daga bango, tsinkayen ashana sunka watse.

Duk wannan bai kai lokacin da za ka sha kofin ruwa ba.

Ya durƙusa ya kara kunne a bakinta, ya taɓa wuyanta, ya ce tana numfashi, a nemo mota yanzu. Gwaggo daga inda take zaune tana cewa a kawo madara a ɗura mata, madara ke kashe dafin kuran. Ya ce kada a ba ta komai, likita za a kai ta ya duba zuciyarta. Sannan ya miƙe, ya buɗe akwatin dizonktar ɗin, ya ga guntuwar wayar. Dattawa duk sun fito sun yi cirko-cirko, Baba yana tsakiyarsu. Aƙilu ya juyo, idonsa ja, ya ce:

"Wa ya yi wanga aiki? Wanda duk ya ɗaure wannan, kabari ya haƙa wa mutanen gidan nan."

Baba bai dubi akwatin ba, bai dubi Inna ba. Ƙafar Aƙilu yake kallo. Sai a lokacin ni ma na duba. Ashe da ya zaburo, ya san takalmin fatar nan ba zai tsare shi a cikin ruwa ba, sai ya zura wanda ya gani na roba mai kauri a bakin zaure. Na Baba ne.

Inna ta kwana biyu a asibiti anka sallamo ta, hannun dama naɗe da bandeji har wuyan hannu. Ni da na ɗauka za a yanka rago a kira Aƙilu a sa masa albarka. Ina! Ranar da ta dawo, ko zama ba ta gama yi ba, Gwaggo ta tara mu tana lissafo laifuffukansa. Ya shiga cikin gidan surukai ba sallama. Ya kayar da ita, ita Azumi, a gaban maza, zaninta ya jiƙe. Ya ɗaga taɓarya ya doki uwar matar da yake nema. Ya zura ƙafarsa a takalmin surukinsa, abin da tun da take ba ta taɓa jin ko a labari ba. Wai tun bai samu ba ke nan, ina ga an ɗaura? Ita dai ta san wani ɗan ƙawarta a Guéné mai shagon siminti, yaro mai ladabi, ko ido ba ya haɗawa da babba.

Na ce, "Gwaggo, da ya tsaya sallama da yau kwana biyu da rasuwar Inna."

Ta ce in rufe mata baki, rai na Allah ne, wanda kwanansa bai ƙare ba ko kuran ɗin duniya ya taru ba ya kashe shi. Inna tana kwance ta ɗago hannun hagu tana yi mini alama in yi shiru. Ita kullum haka take. Shekara ashirin da bakwai a gidan nan ban ji an ce ta taɓa musa wa Baba ko a kan gishirin miya ba.

Shi Baba bai yi maganar takalmi ba sam. Abin da ke cinsa daban ne, kuma kowa ya sani. Yaro sa'an ɗan cikinsa ya kira aikinsa kabari a gaban baƙi daga wata ƙasa. Kwana uku bai je majalisarsu ba. A rana ta huɗu na dawo daga shago da la'asar, tun daga zaure na jiyo ƙugin firigo. Na tsaya cak. Ya mayar da wayoyin cikin bango, da sababbin tsinkayen ashana, ya naɗe mariƙin da robar tayar keke, ya kawo wani katakon ya kafa da ƙusa. Ya ce ruwan sama ne ya jawo, da gaggawar mata, amma aikinsa lafiya lau yake. Kuma ya aika wa Malam Kadiri: in suna son maganar aure ta ci gaba, yaron ya dawo gaban dattawan da sunka ji zagin, ya durƙusa, ya faɗa da bakinsa cewa aikin ba shi da aibi, ruɗewa ce ta sa shi magana.

Na shige ɗaki na jawo talho, wayar hannuna. Na rubuta masa komai. Bai daɗe ba ya amso.

"An mayar da shi? Nazifa, da gaske kike?"

Na ce da gaske.

"Ki saurare ni. Firigon nan kuran na zuba a jikin ƙarfensa, kuma ba shi da wayar ƙasa da za ta janye. Faɗuwar da dizonktar ke yi, ceton ku yake yi, shi ne anka ɗaure masa hannu. Roba da katako ba su gyara komai ba. Kada ki taɓa shi, kada Inna ta taɓa shi."

Na rubuta masa abin da nake jin kunyarsa yanzu. Na ce ya zo kawai ya faɗi abin da Baba ke so, kalma nawa ce? In an ɗaura aure, ya zama ɗan gida, sai ya gyara a hankali. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Can sai ga shi:

"Zan ba Gwaggo haƙuri. Zan ba Baba haƙuri a kan takalmi da ɗaga murya, ko sau goma ne. Amma in na ce aikin lafiya yake, gobe Inna za ta kama ƙarfen nan da maganata. Ba zan iya ba, ko da a kanki ne."

Na yi jifa da talhon kan katifa. Na ji haushinsa, na ji haushin Baba, na fi jin haushin kaina don na san shi ke da gaskiya. Ko da a kaina ne, wai. To sannu, malam mai gaskiya, ni kuma in zauna in auri siminti.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne jiya da safe. Na fito zan tafi shago, na tarar da Inna tsaye kan katakon, mata biyu masu talla suna jira da kulolinsu, tana ɗaga marfin da hannun hagu, na daman a rataye a ƙirji. Na ga yadda ta ɗan runtse ido kafin ta taɓa. Na ce Inna don girman Allah. Ta ce in wuce in tafi aikina, mutane na jira, kuma in na ƙara tayar da maganar nan a gaban ubana ba ta yafe ba. Har na isa shago ina kuka a kan zem, moton haya, mai zem ɗin yana tambayata ko rasuwa anka yi.

Yau da hantsi sunka zo. Malam Kadiri da dattawan nan biyu, da Aƙilu cikin wata tsohuwar shadda ruwan toka, ya rame. Baba ya kira maƙwabta biyu su zama shaida. Gwaggo ta kafa kujera a bayan ƙofar zaure, ni ina tsaye a bayanta. Na ji Aƙilu ya ba da haƙuri, muryarsa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Dattawa suna ta madalla. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Na ji. Saura guda. Aikin da ni yi, shina da aibi ko ba shi da?"

Na san abin da Aƙilu zai faɗa, na kuma san abin da zai biyo baya. Ban san lokacin da na juya ba. Na zura takalmin roba, na goge hannuna a zani har ya bushe, na ɗauki sandar tsintsiya na fizge wayar daga bango kamar yadda na ga ya yi. Da firigon ya yi shiru, na ɗauko babban almakashina na shago, na datse wayar daga gindinta, ta yadda ba mai sake ƙulla ta. Na naɗe ta a hannu, na ratsa ta gefen Gwaggo tana riƙo gyalena, na shiga zauren da ke cike da maza ana maganar aurena. Na durƙusa na ajiye ta gaban Baba.

Na ce, "Baba, kada ka tambaye shi. Shi baƙo ne. Mu da ke cikin gidan ka tambaya."

Malam Kadiri ya sunkuyar da kai. Aƙilu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya ya mayar da idonsa ƙasa. Baba ya daɗe yana kallon wayar, jijiyar goshinsa ta tashi. Sannan ya yi wani murmushi da ban so ba, ya ce to madalla, tunda 'yan gida za a tambaya, a kira mai firigon. Ya ɗaga murya ya kira Inna. Ya san ta. Ni ma na san ta, ba ta taɓa musa masa ba.

Ta shigo da lulluɓi har goshi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaida baƙi. Baba ya ce ta faɗa wa mutanen nan, tsakaninta da Allah, aikinsa ne ya cuce ta ko gaggawarta.

Inna ta ɗago hannun dama. Ta sa haƙori ta kama bakin bandejin, ta shiga warwarewa da hannun hagu, a hankali, zagaye bayan zagaye. Gwaggo daga bayan ƙofa tana cewa, "Zeinabu, mi kike yi haka? Zeinabu." Ba ta waiga ba. Da ta gama ta miƙa hannun a tsakiyar tabarma. Tafin ya ƙone ya yi fari da baƙi, shatar mariƙin kwance a kai, ƙananan yatsu biyu sun lanƙwashe sun manne ciki. Ni kaina ban taɓa gani ba, don Gwaggo ce ke raka ta wankin ciwon, ita ke cewa ana samun sauƙi.

"Malam," in ji Inna, muryarta ko rawa ba ta yi, "kwana tara ba ka ce in nuna maka ba. Likita ya ce waɗannan biyun sun tahi ke nan. Ya ce da an ƙara ɗan jinkiri, da ba hannu kaɗai ba ne. Yaya Azumi na wurin, ita tac ce kada in hwaɗa maka, ranka zai ɓaci."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi salati a hankali. Na zuba wa Baba ido ina jira. Wallahi na ga abin ya shige shi, na ga leɓensa yana motsi, na ga idonsa ya kawo ruwa. Da su biyu ne a ɗaki, na rantse da ya kama hannun nan ya yi kuka. Amma akwai mutum shida a zauren suna kallonsa, huɗu daga cikinsu daga ƙetaren kogi.

Ya kawar da kai. Ya ce wa Malam Kadiri su tashi su tafi, zai neme su. Sannan, ba tare da ya dubi inda take ba, ya ce:

"Zeinabu, tunda ke da ɗiyarki kun gama shirya mini wanga, ki tahi gidanku Madekali ki huta. Sai na neme ki."

Ni na jawo mata. Ni da almakashina. Na juya ina jiran ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa, ta ba shi haƙuri kamar yadda ta saba tun kafin a haife ni.

Inna ta tattara bandejin ta dunƙule a hannun hagu, ta dafa bango ta miƙe. Ta ce, "To, Malam." Sannan ta dube ni, idonta a bushe.

"Nazifa, ɗauko mini jakata. Ke ma ki ɗauko taki."